Kurangar Shalva

Shalva, yau sun tone tsakar gidanmu.
Tun da sassafe Mamuka ya zo da diga da shebur,
da yaronsa Temo, kunnuwa jawur don sanyi,
suka ɗaga duwatsun da ka jera da hannunka
shekarar da aka haifi Nestan.

Ka san ruwa ba ya tsami banza.
Tun kaka famfon kicin yake tari kamar tsoho,
ya tofo ja, ya tofo baƙi, ya yi shiru.
Shayina ya koma ɗanɗanon ƙusa.
Bangon ɗakin ƙasa ya yi gumi har ya yi furfura.
Lamara ta saman bene ta daina gaishe ni
saboda warin da ke riga ta hawa matakala.

Da rami ya kai ƙugu, Mamuka ya kira ni:
"Zo, Tsiala, gani ya kori ji."
Na dogara sanda na leƙa.
Ga bututun ƙarfe, tsatsa ta cike cikinsa,
shekara hamsin muna sha ta kafar allura.
Ƙarƙashinsa ga na yumɓu, mai kwashe ƙazantarmu,
ya tsage a gaɓa uku,
kuma a kowace tsaga akwai saiwa,
fara, siririya, cunkus kamar gashi a mataji.

Saiwar inabinka ce.

Kai da kake bugun ƙirji gaban maƙwabta
wai duk Sololaki, kai, duk Tbilisi,
babu kurangar da ta kama ƙafar taka,
ba ruwa, ba taki, albarkar hannu ce kawai!
Ashe ɓarauniya ka dasa mana.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Ta sha ruwan wankan yaranmu,
ta sha na wanke-wanken bikin Nestan,
ta sha wanda na wanke zanen gadonka
a watannin nan na ƙarshe,
da abin da ba a faɗa gaban baƙi.
Duk ta shanye, ta biya mu da zaƙi kowane Satumba.
Na yi dariya har Temo ya tsorata.
Sannan na shiga ɗaki na ɗan jima.

Lari dubu biyu da ɗari huɗu, in ji Mamuka,
ban da siminti.
Muka taru a gindin matakala, gida biyar,
nan take kowa ya tuna talaucinsa.
Tsoho Vakhtang ya rantse ruwansa lafiya lau,
alhali tun bara na gora yake saye a kanti.
Na sayar da agogonka. Kada ka yi fushi,
dama bai taɓa faɗin gaskiya ba.

Sabon bututun na roba ne, ba nauyi,
Temo ya saɓo shi a kafaɗa ɗaya yana fito.
Mamuka ya ce zai kai shekara hamsin.
Na ce wannan albishir sai ya kai wa wani.
Da ya ɗora zarto kan saiwar na ce dakata.
Ya ce, "Ko ita, ko bututu."
Na ce to yanke, amma a hankali,
kamar mai yanke wa jariri farce.

Da magariba ruwa ya dawo.
Ya yi atishawa, ya zubo laka,
sannan ya taho garau, da ƙarfi, har ya jiƙa mini riga.
Na tari kofi na sha a tsaye.
Ba ɗanɗanon komai.
Na manta haka ruwa yake.

Sun mayar da duwatsun, ba yadda ka jera ba,
mai tabon nan yanzu yana bakin ƙofa.
Ita kuwa tana nan tsirara a kan dirkokinta,
ba ta san an rufe mata kasuwa ba.
Na ajiye lotsattsen bokitin nan a gindinta.
Daga bazara, safe da yamma,
ni da gwiwoyin nan nawa.
Aikin da ka zille wa shekara arba'in
ya dawo kaina, Shalva,
kamar sauran.