Shirun Chundung

Daren jajibirin rabon kambu
ruwa ya tsare mu a rumfar Sallau mai shayi,
can gangaren Farin Gada.
Sanyin Jos na shiga ta ɗinkin riga,
musu ya tafasa, tukunyar ba ta tafasa ba.

Tanimu ya daki tebur, cokula suka yi tsalle:
"Davou ne! Ku rubuta ku ajiye.
Kun ga yadda ya mutu a ramin kuza?
Sau tara ina biyan kuɗin ƙofa,
sau tara yana mutuwa,
ko sau ɗaya bai maimaita faɗuwar jiya ba."

Uwani mai kwalliya ta taɓe baki:
"Mutuwa ai araha ce, ko kaza ta iya ta.
A ba Barau, da ya sa zaure dariya
har aka fitar da wata tsohuwa ta sha iska.
Sai dai alƙalai sun raina dariya,
in ba a jiƙa hankici ba, gani suke ba a yi wasa ba."

Aka ƙulla: wanda ya faɗi, shayin mako a wuyansa.

Sai Malam Ilu na jami'a
ya goge tabarau da bakin riga,
ya ce, "Da sauranku. Kambun na Chundung ne,
kuma ba don murya ba, don shirun nan.
Inda aka miƙo mata takalmin ɗanta daga rami,
ta riƙe, ta buɗe baki,
magana ta ƙi fita.
Na ƙirga numfashi goma sha ɗaya,
ko tari babu wanda ya yi.
Shekara talatin ina gaban dandamali,
ban ga wadda ta san nauyin shiru haka ba."

Kowa ya jinjina kai.
Ni na tusa nawa cikin kofi.

Ni ne na bayan labule,
mai takarda da 'yar tocila,
mai raɗa wa wanda ya manta.
A jerin sunaye har mai shara an rubuta,
nawa ba a sa ba.

A daren nan tocilar ce ta mutu.
Batirin Taminus, mai araha, Allah ya isa.
Na laluba, shafi ya zame ƙarƙashin benci,
ita ko tana tsaye da takalmi a hannu,
idonta na kirana ta tsagar labule:
Gambo, me zan ce? Gambo!
Abin da Malam ya kira zurfin baƙin ciki
tsoro ne tsagwaronsa,
na wadda ta nemi kalma ba ta samu ba.

Jawabi ne mai layi bakwai,
marubucin ya yi wata guda yana sassaƙa shi.
Washegari ya zo da jan biro ya soke,
ya ce dama haka ya nufa.
Tun ranar take yin shirun da gangan,
yana kyau, ba laifi,
amma ni da na ji na farko na san bai kamo shi ba.

Alƙalai kuwa daren farko suka zo.

Sallau ya ƙara mini ruwan zafi:
"Gambo, kai da ka san cikinsu, wa ka ba?"
Na ce, Chundung.
Ba don kara ba.
An saki mace cikin duhu gaban mutum ɗari uku,
baki fanko, gwiwa na rawa.
Da wata ce ta yi soki-burutsu,
da wani ne ya ruga ciki.
Ita ta rungume takalmin a ƙirji,
ta bar tsoron ya yi aikinsa a fuska,
ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Ruwa ya tsagaita, Tanimu na ta mutuwar Davou.
Gobe in an kira ta zan tafa daga layin baya,
hannu ɗaya na dukan aljihu.
Yana nan ciki, yana tsatsa.
Har yau ban jefar da batirin ba.