Mai Makullin Sito

A Marwa yaro da ƙafa yake fara magana,
tun a yashin Mayo Kaliyawo.
Jami'armu ma haka ta tashi:
ciyawar fili na shan ruwa safe da yamma,
dandamalinmu kuwa ya tsattsage kamar faso.

Ni ke riƙe da makullin sito.
Ƙwallayen ƙafa arba'in da biyu,
na kwando uku, ɗaya ma ta sace.

Malam Hayatu ya nemi kuɗin riguna,
aka ce sai bayan damina.
Ya wuce Domayo, mai walda ya lanƙwasa rodi,
wani masuncin Maga ya saƙa raga.

'Yan wasansa waɗanda tamaula ta tofar ne:
Hamajoda, golan da tsawo ya hana faɗuwa,
Sali mai ciwon gwiwa.

Jiya sun sha kashi da maki tara.
'Yan kallo sha ɗaya, har da mai rake.

Amma da magariba, ina shirin kullewa,
ga wani ɗan yaro da tamaula.
Bai buga ba.
Ya ɗaga ta da hannu biyu,
ya kanne ido ɗaya, yana auna zoben.

Na mayar da makullin aljihu.