Baƙon da Ba Raɓa Ba

Sau uku Anacleto ya kai 'yar roba mai jan murfi
asibitin bayan tashar jirgi a Balensiya.
Sau uku aka leƙa a madubi:
babu ƙwai, babu tsutsa. Koma gida, dattijo.

Amma in ya dawo daga tsinkar lemo,
wani jan zare kan taso masa a ƙugu,
ya yi ta jan ciki kamar rubutun ɗan koyo,
kafin asuba ya ɓace.
Ciki na ƙugi. Tari ba mura.

Likita Itziar ta ajiye biro.
Kafin ta rubuta masa maganin asma
mai kwantar da dakarun jiki, ta ce:
A ina ka taka ƙasa ba takalmi?

Ya yi dariya har haƙorin azurfa ya fito.
A Beni, can Bolibiya, gonar shinkafar kawuna.
Shekara talatin da huɗu ke nan, 'yata.
Ko uwata ban koma na binne ba.

Ta ce: Miƙo hannu.
Ɓarawon da ya iya ɓuya ba a nemansa a tsakar gida,
maigadi ake tambaya.
Jini ba ya mantuwa.
Duk wanda ya taɓa kokawa da shi,
yakan ƙera masa mashi daidai wuyansa, ya adana.
Mashin za mu nema.

Kwana tara.
A wani ɗaki mai sanyi, cikin faranti mai ramuka,
ɗigon da ba shi da launi ya rine rawaya.

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan ta tafin ƙafa ya shigo,
ya haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka haifi jikoki,
duk a hanji guda,
suka ƙetare teku ba fasfo, ba kuɗin jirgi.

Likita ba ta cika baki ba.
Sawu muka gani, in ji ta, ba mai sawun ba.
Sha waɗannan da ruwa.
Bayan wata shida mu duba ko maigadi ya fara sauke makamai.

A cikin bas ya riƙe ƙwayoyin a tafin hannu,
ƙanana, farare kamar tsabar shinkafa.
Bai sha nan take ba.
Cikin duk abin da ya ɗauko daga gida,
wannan kaɗai ya rage da rai.