Munduwar Shalva

Sau uku a watan nan Baba ya fita
da hular aikinsa, yana neman taragon
da aka daɗe da tuge dogonsa daga titunan Tbilisi.
A na ukun, wani mai gasa burodi ya zaunar da shi
a bakin tanderu har dare.
Sunanka? Shalva.
Gidan ina?
Baba ya dubi wuta, ya yi mata murmushi.

Shi ya kai ni kasuwar bayan tashar jirgi,
inda rumfunan waya suka jeru kamar haƙoran matsefi,
gaban Gocha, mai tabarau ɗaure da zare.
Ya zazzage mini ƙwayoyin cip a tafin hannu,
farare, sirara,
kamar ɓawon kifi.

Wannan, in ji shi, cikinta rumbu ne,
ga makulli a kan makulli.
Sai dai tana zaɓen baƙo.
Wata wayar ta gaishe ta, ta amsa,
wata ta yi ta sallama, shiru kamar an shuka dusa.
Irinta ta dace da katin ƙofar otal,
inda mai karatu ɗaya ne, kuma an san shi.

Na ce, ni ban san wanda zai tsinci Baba ba.
Ko ɗaliba ce mai sabuwar waya,
ko direban tasi mai tsagaggen gilashi,
ko baƙon da ya zo ganin duwatsu
bai iya ko sannu da harshenmu ba.
Ba ni wadda ba ta raina kowa.

Ya tura tabarau sama da gwiwar yatsa.
To ɗauki NTAG, mai lamba ɗari biyu da sha uku.
Cikinta ƙarami ne,
haruffa ɗari da 'yan kai, ta ƙoshi.
Amma harshen da take ji
shi yawancin wayoyi suka sha a nono.
Kada ki cika ta da surutu.
Lambar waya ɗaya, wadda za a taɓa ta kira.

Munduwar farko ta ƙarfe ce, na yi asara.
Ƙwayar ta kwanta a kan ƙarfe ta kurumce.
Na biyu na ɗinka da fata, da allurar Inna,
na soki yatsana sau biyu,
na rubuta a kai da baƙin tawada:
ɗora wayarka nan.

Daga nan na zama maroƙiyar wayoyi.
Ta maƙwabciya Tsiala, sai an goga bayanta.
Ta ɗan ƙanwata, da goshi take ji.
Ta mai sayar da goro-goron gyaɗa a bakin gada
ta yi jinkiri kamar mai tuna mafarki,
sannan aljihuna ya yi rawa.
Tara cikin goma.
Ta goman tsohuwa ce, ba ta da wannan kunnen,
na yafe mata, ni ma ban ji komai ba a shekarunta.

Saura kullewa.
Gocha ya ce in an kulle, ba mai gogewa,
har ke.
Na zauna a barandar katako, kogi na wucewa ƙasa,
na gane ba ƙwayar kaɗai nake kullewa ba.
Ba zan sake lamba ba,
ba zan kashe waya da dare ba,
ba zan bar garin nan ba
muddin hannun nan yana da ɗumi.
Na danna.

Da safe na ɗaura masa.
Ya juya wuyan hannu, ya kai ta kunne,
ya ce agogon nan ya tsaya, Mzia.
Na ce a'a, Baba, jira yake.
Ya gyaɗa kai irin na mai aikin da ya san jira,
ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa.