Ƙas da Gujiya

Labo direba ya ci mini bashin jikka bakwai,
kuɗin gyaran rediyo da batir biyu.
Wata ya mutu, kuɗi ba su zo ba,
sai keji ya dire a bakin shagona a Bagalam:
tsirya ce, koriya shar, baki ja kamar barkono.
Na raɗa mata suna Bashi.

Mako uku ba mu sha inuwa ɗaya ba.
In miƙa yatsa, ta sara.
In daka tsawa, ta koma lungu ta kumbura,
ido ɗaya a kaina kamar mai jiran canji.

Cima, ɗiyar ƙanena, mai karatun dabbobi a jami'a,
ta zo gyaran cajar waya, ta tsaya kallo.
Ta ce, “Baba, tsawa tana cewa bari,
ba ta taɓa cewa ga abin da nake so.”
Ta tona kwandon tarkacena,
ta ciro marfin kwalba, irin mai cibiya a tsakiya,
ta danna shi da babban yatsa:
ƙas.

“Kwanan farko kar ka nemi komai.
Ƙas, sai ɓarin gujiya. Ƙas, sai ɓarin gujiya.
Alkawari kake ƙullawa, ba darasi ba.
Kuma in ka danna, ko da kuskure ne, sai ka biya.”

Na ce ashe ni ne zan zama mai bashin.

Da hantsi, kafin kabu-kabu su cika titi da hayaƙi,
nake fasa gujiya gida huɗu a kan benci,
tsakanin dalma da matattun sifiku.
Ba ma wuce tafasar shayi ɗaya.
Rana ta uku na danna,
ta bar susar fiffike, ta juyo tana neman hannuna.
Ta ji. Kalma ɗaya ta shiga tsakaninmu,
ba Hausa ba, ba yaren tsuntsu ba.

Sai muka shiga tsinke.
Tsinken tsire ne, na wanke, na datse tsininsa.
Ta kalle shi: ƙas.
Ta matso taku ɗaya: ƙas.
Ta taɓa da baki,
ni kuwa ina kallon mai kunu da ke wucewa.
Na danna a makare, ta riga ta juya baya,
yini biyu tana ba ni ƙeya tana jiran lada.
Laifin wa? Abin da na saya shi aka kawo mini.

Shekara talatin ina kamo tasha a cikin shuu,
na san gashi ɗaya ke raba murya da hayaniya,
amma yatsana bai san yanzu ba.
Tsirya ce ta koya masa.

Akwai ranar da ta ƙi.
Zafi ya kwanta a kan kwano, an ɗauke wuta,
ta buɗe baki tana haki.
Na mayar da tsinke aljihu, na zuba mata ruwa.
Ba a yi komai ba ran nan, kuma ba a ɓata komai ba.

Yanzu tana bin tsinke daga sanda zuwa sanda,
jiya ta taka yatsana,
ƙafarta da ɗumi, nauyinta bai kai batir ba.
Na riƙe numfashi har ta sauka don kanta.

Ta kuma saci ƙarar.
In na ɗauko gwangwanin gujiya da wuri,
kafin in taɓa marfi sai in ji daga keji: ƙas.
In na makara, shiru.

Shekaranjiya Labo ya dawo daga Ɗan Isa
da jikka bakwai a naɗe cikin leda,
yana leƙen kejin ta bayan kafaɗata.
Na ce ya mayar da kuɗinsa aljihu.
Daga bayana aka ce:
ƙas.