Ta Sayarwa Ce, Amma Zauna Tukuna

Zauna tukuna, Hamadunnil, kada ka fara da kuɗi.
Ga gahawa a kan gawayi, kurɓa ka huce rana.
Wadda ta taso ka daga Kartum ba za ta gudu ba,
ta shekara tamanin da ɗoriya tana jira,
ta iya jira.

Fod ce, ƙirar talatin da takwas,
tun yaƙin Hitila bai cinye ƙarafan duniya ba.
Ƙofa huɗu, goshi mai tudu,
fitilu kamar idon kwaɗo a bakin Nilu.

A Barakat na tsince ta, bayan rumbun auduga,
ta durƙusa a kan duwatsu huɗu.
Kaza ta yi ƙwai a kujerar baya,
tsatsa ta ci ƙasanta har ina hango takalmina.
Mai wurin ya ce in ba shi kuɗin buhun dawa,
ya bi ni da kallon da ake yi wa taɓaɓɓe.

Shekara bakwai a wannan gareji na Wad Madani.
Na kankare ta da hannun nan har zanen yatsuna ya goge.
Noti ɗaya ya ci mini azumi guda.
Fatar kujeru daga Umdurman,
Abdulbagi gurgu ya ɗinka, Allah ya ji ƙansa,
bai ga ranar da ta tashi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, na ɗan taɓa ta.
Injin ba nata ba ne: silinda takwas,
na cire daga wata motar da ta mutu da ƙuruciya.
Na sassauta sifirin, ta sunkuya kaɗan
kamar mai shirin tsere.
Kaburaita biyu, birki na zamani,
salansa mai gurnani, ba mai ihu ba.
Fenti kuwa kalar zoɓo da ya kwana a tulu.
Tsohuwa ce, amma ka taka ta a hanyar Sinnar
ka ga samari na shan ƙura.

Aibinta? Giya ta biyu tana son lallashi.
Ba ta shan gurɓataccen mai.
Gilashin hagu, in ya sauka, sai an roƙe shi.

Kurɓa kuma. Saura magana ɗaya.

Motar Baturen auduga ce a da.
Ubana, Jibo, yana yaro yake buɗe mata ƙyaure,
ya sunkuyar da kai har ta wuce,
bai taɓa ko riƙe hannun ƙofarta ba.
Ranar da ta fara tari ta kama,
na ɗauko shi a kan gadonsa,
na zaunar da shi a baya, inda Baturen ke zama.
Muka bi bakin magudanar ruwa a hankali,
mata na tsinkar auduga can nesa.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Sai ya ce, "Ɗanlami,
ashe daga ciki haka muke ƙanana."
Ya ce in ƙara wuta.
Na ƙara.
Ban taɓa jin dariyarsa irin ta ran nan ba.

Me ya sa zan sayar?
Dubi idona da kyau. Yana ta rufe na dama,
na hagu ma ya fara hazo.
Shekaranjiya na kusa taka jakin mai ruwa.
Mota irin wannan ba a ɗaure ta kamar akuya,
in ta zauna, kajin nan za su dawo.

To faɗi abin da ka zo da shi.
Amma sharaɗi: duk yaron da ya buɗe maka ƙyaure,
ka tsaya,
ka ce ya shigo.

Ungo makulli. A'a, ba haka ba,
taka totur sau biyu, sannan ka murɗa.
Ka ji ta?