Allurar Wuyan Riga

Awad ya ce in cire duk wani ƙarfe.
Na cire agogo, na cire zoben azurfa,
na jefa makullin shago a kwando.
Sai ya nuna wuyan rigata da leɓe:
allura, da farin zarenta.
Shekara talatin da takwas ina ɗinki a Jidda,
ban taɓa fita Hindawiyya babu ita ba.
Ya zare ta da yatsu biyu, ya miƙa wa Zulai,
ya ce, "Baba, maganaɗisun nan maye ne,
ko ƙusa ya ji a ɗaki sai ya fizgo."
Hausarsa ta Sinnar ce, kakarsa ta bar masa,
ta koɗe, amma tana rufe jiki.

Aka yi min allura don hanji ya lafa.
Gadon ya zame da ni cikin farin bututu.
Kar ka motsa, Baba.

Ta fara. Ai na san wannan ƙarar.
Keke ne da aka hana shi mai,
tela ashirin a ɗaki ɗaya, jajiberin salla.
Ta yi shiru, ta sake zare, ta kama wani kari.
Ni da na saba shimfiɗa yadi,
yau ni ne yadin.

Wata huɗu ke nan da shigata ta farko.
Lokacin ko sunan wurin ba na iya faɗa.
Na ce basir ne, na ce zafin gari ne,
shekara guda ina kora jini da ruwa
ina fitowa ina gyara hula.
"Dubura," in ji Dakta Nawal,
kamar mai cewa gwiwa ko kafaɗa.
"Ciwon daji. Santimita biyar daga ƙofa."
Da awo nake cin abinci,
na san tsawon biyar.

Sai mako biyar ana gasa shi da haske,
ban da Juma'a, ban da Asabar.
Ƙwayoyi suka mayar min da shayi ruwan tsatsa,
tafin hannu ya tsage, almakashi ya gagare ni.
Daga nan aka ce in je in jira,
wai maganin yana aiki ko bayan an daina.

Ran Talata ta kira mu.
Hoto biyu kafaɗa da kafaɗa, ruwan toka,
an yanka ni falle-falle ba da wuƙa ba.
A na hagu abin yana zaune kamar goro,
ya cije bangon hanji,
kaluluwa biyu suna yi masa gadi.
A na dama, wani baƙin layi siriri.
"Tabo ne," ta ce. "Baƙi a nan alheri ne."
Na ce, ya tafi ke nan?
Ta ce hoto ba ya rantsuwa,
toka takan kwana da garwashi.
Za a leƙa da kyamara, a taɓa da yatsa.
In shaidu ukun sun haɗu,
in dawo bututu duk wata uku.
In ɗaya ya noƙe, sai wuƙa,
wataƙila da jaka a gefen ciki.

Jaka. Hankalina ya tafi alwala,
ya tafi sahun farko da sujuda.
Zulai ta ce ta riga ta tambayo malamai.
Na san ya halatta. Ba ita ce tambayata ba.

Na matsa kusa, na duba layin da idon tela.
A karkace yake, ya tattare a gefe guda.
Da yaron shagona ne ya kawo min shi
da na sa ya farke.
Na ce wa likita, a bar shi haka.

A mota, iskar teku tana shigowa da gishirinta,
Zulai ta juya bakin hannun abayarta.
Kwana shida tana nan a soke,
ban tambaya ba, ba ta tuna min ba.
Zaren ya zame.
Na lasa, na kuskure, na lasa.
Akwai rigar wani a shago tun Sha'aban,
saura hannu ɗaya.